Shekarar Da Yara Suka Wuni A Gida

Ranar Litinin 30 ga watan Maris na 2020 mun tashi da asuba kamar yadda muka saba, muka yi salla a ɗaki domin an riga an rufe masallatai, sa'an nan muka tsaya bakin ƙofa muna sauraron unguwa. Mai karatu wanda ya san Godomey ya san hayaniyar da kan tashi da ƙarfe bakwai na safe: iyaye mata suna ƙwala wa yara kira, ana neman takalmi wari guda da ya ɓata, 'yan zem suna ta hon, yara cikin kaki suna tafe garke-garke da jakunkuna a baya. Ran nan babu ko ɗaya daga cikin wannan sai 'yan zem. Ɗanmu na biyu, wanda a lokacin yake aji CP, ya fito da wandon kakinsa a hannu ya ce, "Baba, yau ma Lahadi ce?" Muka ce masa a'a, hutu ne na mako biyu. Abin da aka faɗa mana ke nan, shi muka faɗa masa. Bai sake taka ƙofar aji ba sai ranar 10 ga Agusta.

Kwanan baya a wurin wani suna a Zongo hira ta gangaro kan korona, sai wani dattijo ya ce ai mu nan Allah ya rufa mana asiri, cutar ba ta yi mana komai ba. Jama'a suka ce haka ne. Ta fuskar mace-mace yana da gaskiya, domin adadin da hukuma ta bayar na waɗanda cutar ta kashe a ƙasar Benin duka bai kai mutum 200 ba, kuma duk wanda ya ji labarin Italiya da Amurka, ko ma abin da ya auku a Kano cikin Afrilun shekarar nan, sai dai ya yi hamdala. Amma mu da sana'armu ita ce tsayuwa gaban allo, girman furfura ne kawai ya sa muka yi shiru. Yaran da suke CI da CP a 2020 sun ratsa ta hannunmu daga baya, aji bayan aji, mun kuwa ga abin da watannin nan suka bari a cikin karatunsu. Ɗaya daga cikinsu a ɗakinmu yake kwana.

Bari mu tuna wa mai karatu yadda abin ya kasance, domin an fara mantawa. An sami mutum na farko mai cutar a Benin ranar 16 ga Maris. Mako biyu bayan haka, a daidai ranar da Nijeriya ta kulle mutanen Legas da Abuja cikin gidajensu, gwamnatin nan ta bi wata hanya dabam. Shugaba Patrice Talon ya fito a talabijin ya bayyana cewa ƙasar ba ta da ƙarfin ƙasashe masu arziki da za ta tsare jama'a a gida ta kuma ciyar da su, alhali yawancin mutane sai sun fita suke samun na sawa a baka. Sai aka yi abin da ake kira kordon saniter da Faransanci, mu kuwa muka riƙa ce masa zobe. Aka zagaye Kwatano da Abomey-Calavi da Porto-Novo da Ouidah da Allada da Sèmè-Podji da waɗansu garuruwa na kusa da su, ba shiga ba fita sai da takardar izini, ko da yake motocin kaya suna wucewa. A cikin zoben an tsai da bas-bas da tokpa-tokpa, an ce zem ba zai ɗauki fiye da mutum ɗaya ba, an hana taron da ya wuce mutum 10. Daga 8 ga Afrilu rufe baki da hanci ya zama dole, watau kashne kamar yadda kowa ke kiransa. Kasuwanni kuwa, har da Dantokpa, an bar su a buɗe.

To, nan ne maganarmu take. A Kano an ce kowa ya zauna gida, uba da uwa da 'ya'ya, wahala ɗaya ta haɗa su. A nan an bar wa babba hanyar neman abinci, abin da har yanzu muke ganin daidai ne, amma duk inda yaro ke zuwa an garƙame shi. A da yaro kan fita kafin ƙarfe takwas, ya dawo da tsakar rana ya ci abinci, ya koma ƙarfe uku, ya taso wajen ƙarfe biyar, ya ajiye jaka ya ɗauki allo ya nufi wurin malam har magariba. Tsakanin fitarsa da dawowarsa yana hannun mushen lakwal, da malamin allo, da matar da ke sayar da shinkafa da wake a bakin lakwal wadda ta san wanda ya ci da wanda bai ci ba, da dattawan ƙofar masallaci masu tsawata wa ɗan kowa. Cikin mako ɗaya aka janye waɗannan hannuwa duka, aka miƙo wa uwa ɗanta tun safe har dare, uba kuwa ya sa kashne ya tafi kasuwa.

Gidan haya

Godomey ba cikin Kwatano take ba a takarda, ƙarƙashin Abomey-Calavi take, amma tuni garuruwan biyu suka haɗe, kuma a ƙidayar 2013 mutanenta sun haura dubu 250. Da yawa daga cikinmu 'yan Zongo ne da tsadar haya da ƙuncin wuri suka turo mu nan, muka bar iyaye can. Gidan da muke ciki a lokacin ƙofa bakwai ne a jere, kowace ƙofa ɗaki da falo, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, ban-ɗaki biyu. Akwai mu, akwai Fon gida uku, da Bayarabe, da Badande, da wani Bazabarme mai sayar da albasa. Wata rana da hantsi muka ƙidaya yaran da ke tsakar gidan, muka sami goma sha bakwai. Rediyo kuwa tana ta faɗin a bar tazarar mita ɗaya tsakanin mutum da mutum.

Mun gwada. Kwana uku muka tsare namu huɗu a ciki: babbar tana da shekara 11 tana CM2, mai bi mata ɗan CP ɗin nan mai shekara bakwai, sai 'yar shekara huɗu, sai auta yana goye. Wanda ya san zafin ƙarshen Maris a bakin teku ƙarƙashin rufin kwano, in kuma wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, ya san abin da muke nufi. A rana ta huɗu uwargida ta ɗage labule ta ce, "Malam, in cuta ba ta kashe su ba ɗakin nan zai kashe su." Muka buɗe musu ƙofa. Maigidan haya ya kawo bokiti mai famfo ya ajiye a bakin zaure, muka yi karo-karo muka sayi sabulu, yara suka gano cewa in an kaɗa shi yana kumfa, sanda ɗaya ta ƙare cikin kwana biyu. Lalle hannuwansu sun wanku, wannan kam ba mu da ƙorafi. Kashne ana sayar da shi sefa 200 a farmasi, amma wa zai saya wa yara huɗu kullum? Telan unguwa ya ɗinka mana na ƙyallen atamfa. 'Yar shekara huɗun ta ɗaura wa 'yar tsanarta nata, ta ce ita ce mai tari.

Sai maganar tukunya. Yaron da ke gida ya fi na lakwal ci, wannan duk uwa ta sani, mu ne dai maza ba mu sani ba sai a shekarar nan. Garin masarar da kan kai mu mako sai ya ƙare a kwana biyar. A lokaci guda kuma abin da ke shigowa ya ragu. Uwargida takan yi zoɓo da kunun aya ta ƙulla a leda ta daskarar, 'yan lakwal ne kasuwarta, ran da aka rufe lakwal ran nan kasuwar ta mutu. 'Yan uwanmu masu fatauci dama tun Agustan 2019 suke cikin wani hali, sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ciki har da ta Sèmè-Kraké, ba a kuwa buɗe ba sai Disambar 2020. Mu dai muna da albashin gwamnati, bai tsaya ba, saboda haka ba za mu yi kukan da ba namu ba. Abokan aikinmu na makarantun kuɗi ne suka ga tasku, domin iyaye sun daina biya, masu makaranta da yawa suka daina biyan malamai. Wani da muka yi makarantar horon malamai tare mun gamu da shi ƙarƙashin gadar Godomey da rigar zem a jikinsa, kashne ya rufe masa fuska, muryarsa ce ta tona shi. Cikin Yuni gwamnati ta ba da sanarwar tallafi na sama da sefa biliyan 74 ga kamfanoni da masu sana'ar hannu da kuɗin ruwa da wuta, amma mai ƙulla zoɓo a leda ba ta da wata takarda da za ta nuna cewa sana'a take yi.

Malami da ɗansa

Yanzu za mu faɗi abin da ya fi ba mu kunya. Tun ranar farko muka zauna da bik da rula muka tsara jadawali, muka manna a bayan ƙofa: ƙarfe takwas karatu, ƙarfe tara lissafi, ƙarfe goma hutu, da sauransu, kamar dai na aji. Mun ce ai mu da muke riƙe yara sama da hamsin ba za mu kasa da uku ba. Babbar ba ta ba mu wahala ba, jarrabawar CEP tana gabanta, kuma ta riga ta iya zama da littafi ita kaɗai. Ɗan CP ɗin ne ya nuna mana iyakarmu. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake shirya darasi, yadda ake tsayuwa, yadda ake jan hankalin aji, amma ba a koya mana yadda za mu koyar da yaron da jiya da dare ya hau bayanmu yana cewa doki ba. In mun tsuke fuska ya yi dariya, in mun daka tsawa ya fashe da kuka, auta ya taya shi, yaran tsakar gida suna leƙe ta taga suna kiransa wasa. Wata rana ya kasa haɗa harafi biyu da ya iya su sarai cikin Fabrairu, muka ɗaga hannu. Uwargida ta riƙe hannun ta ce, "Malam, na wasu kana haƙuri da su don ana biyanka. Wannan naka ne, ka yi masa kyauta." Ba mu ce komai ba. Jadawalin nan bai cika mako biyu yana aiki ba.

Amma laifin ba na fushinmu kaɗai ba ne, kuma wannan ne muke so iyaye su fahimta. Yaron Zongo da Hausa yake tashi, a tsakar gida ya tsinci Fon da Yarabanci, a wurin malam ya yi Larabci. Faransanci kuwa, wanda da shi ake koyar da komai tun daga CI, gidansa ɗaya ne, watau lakwal. Yaron da ke CM ya riga ya tara abin da zai riƙe shi ko da an yi wata huɗu bai ji harshen ba. Na CI da CP kuwa yana kan gaɓar da ake koyon haɗa harafi da harafi su ba da sauti, a cikin harshen da bai wuce shekara ɗaya ko biyu da fara jinsa ba. In aka yanke masa a nan, ba tsayawa yake yi inda aka bar shi ba, baya yake komawa. Zuwa watan Mayu ɗanmu ya koma rikita b da d, abin da ya bari tun kafin hutun Disamba. Wannan fa ɗan malami ke nan, mai alli da kaye da littafi a gida. Ina ga ɗan mai albasa, wanda uwarsa da ubansa ba wanda ya taɓa zama a aji?

An yi ta maganar karatu ta waya, wasu malamai ma sun riƙa aika darasi ta WhatsApp. Allah ya saka musu. Sai dai a irin gidajenmu waya mai intanet guda ɗaya ce, tana aljihun maigida, maigida kuma yana Dantokpa har magariba. In ya dawo ga gajiya, ga kuɗin da zai zuba mata kafin darasin ya sauko.

Abin da ya ɗan yi amfani ba daga littafin koyarwa muka samo shi ba. Da muka haƙura da jadawali sai muka riƙa tara 'yan ƙananan gidan, shida ko bakwai don kada mu wuce ƙa'idar mutum 10, a inuwar katanga da hantsi, ƙofar ban-ɗaki ta kwano ita ce allonmu. Ɗanmu da ya ƙi karatu shi kaɗai, da ya ga ɗan mai albasa zai riga shi, sai ga shi yana ɗaga hannu. Muka riƙa karanta abin da aka rubuta a gwangwanin tumatir da na madara da kwalin ashana. Lissafi kuwa da kwabbai na gaske muke yinsa, na dala biyar da na dala goma da na dala ashirin, mai sayarwa da mai saye. Rabin awa ne a rana, wani lokaci ko hakan ba ya samuwa. Bai maye gurbin lakwal ba, amma waɗanda suka zauna a inuwar katangar nan mun ga bambancinsu daga baya.

Azumi ya kama cikin ƙarshen Afrilu, masallatai suna rufe. Tun da muka yi wayo ba mu taɓa ganin azumin da babu tafsiri, babu asham, babu shan ruwa a ƙofar babban masallacin Zongo ba sai wannan. A Yamai har rikici aka yi tsakanin matasa da jami'an tsaro a kan hana sallar jam'i, a nan dai an haƙura, ana gunaguni a ciki. Dole ta sa muka zama limamin ɗakinmu. Mu ja teburi gefe, ɗan CP a damanmu, uwargida da 'yan mata a baya, auta yana rarrafe tsakanin ƙafafu. A dare na uku muka tsallake aya, sai muka ji wata siririyar murya daga baya ta gyara mana. Babbar ce. Shekara nawa muna biyan kuɗin Laraba ga malaminta, ba mu taɓa zama mun ji inda ta kai ba. Bayan sallama uwargida ta juya fuska tana dariya a cikin mayafi.

Cikin dararen nan ne muka san 'ya'yanmu, in za mu faɗi gaskiya. Muka gano cewa ɗan CP ɗin in'ina takan kama shi in an yi masa tsawa, ba taurin kai ba ne yake sa shi yin shiru. Muka gano 'yar shekara huɗun ta fi mu jin Fon nesa ba kusa ba, har ita ke yi wa uwarta tafinta da maƙwabciya. Muka kuma gano cewa ba su taɓa jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba, domin mai yi musu ita tana Zongo, mu kuwa in mun je can gaisuwa ce ta awa biyu mu juyo. Uwargida ta tono abin da ta tuna, inda ta manta ta ƙara da nata.

Zancen Zongo ya kawo mu ga Inna. Tsakaninmu da ita bai fi tafiyar kilomita goma ba, kuma duk cikin zobe ɗaya muke, ba mai hana mu zuwa. Amma tokpa-tokpa ba ta tafiya, zem kuma mutum ɗaya. Wanda ya san yadda mace kan hau zem a Kwatano, goyo a baya, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kan tanki, ya san cewa dokar nan ta yanke zumunci fiye da shingen jami'an tsaro. Ga kuma abin da ake faɗa cewa tsofaffi cutar ta fi kayarwa, Inna kuwa tana da hawan jini. Sai muka riƙa zuwa mu kaɗai ran Juma'a, mu tsaya daga bakin ƙofa. Ran farko ta dube mu da kashne ta ce, "Cire wannan tsumman in ga wanda na haifa." Muka ce Inna doka ce. Ta ce, "To ina mijina? Ko ya sake ni ne bai aiko da takarda ba?" Jikanta take nufi. Muka riƙa ɗaukar muryarsa a waya muna kai mata, ita ma ta amsa mu kawo masa, tana yi masa tsiyar ya bar ta ba cefane. Mako bakwai ba su ga juna ba. Badanden gidanmu nasa ya fi namu: ya tafi ta'aziyya Djougou kwana biyu kafin a ja zoben, bai samu dawowa ba sai da aka buɗe. Matarsa ta haihu a bayansa, aka yi suna da mutum takwas, sunan ma ta waya ya faɗo shi.

Bayan an buɗe zobe

Ranar 11 ga Mayu aka ɗage zoben, bayan kwana 42. A ranar ce kuma 'yan CM2 da na sakandare suka koma aji, an yi wa malamai gwaji, an raba kashne. Yawancin mutane a nan suke tsai da labarin, su ce ai kullen Benin mako shida ne kawai. Ga babba haka ne. Amma 'yan CI zuwa CM1 an ce su ci gaba da zama sai Agusta, na renon yara kuwa sai sabuwar shekarar karatu. Ranar 17 ga Mayu aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, mako guda bayan haka muka yi ƙaramar salla a tsakar gida ba Idi, abin da ya sa mutane da yawa suka riƙa tambaya a Zongo yadda layin zaɓe ya halatta sahun salla bai halatta ba. Sai 2 ga Yuni aka buɗe masallatai da coci-coci, kowa da tabarmarsa da kashnensa.

Wannan tsakanin, daga Mayu zuwa Agusta, shi ne mafi wuya a gidanmu, kuma mu ba mu sha shi ba, uwargida ce ta sha. Mun koma aiki, babbar da ke taya ta riƙon auta ta koma aji, aka bar ta da uku. Damina ta sauka, Godomey kuwa ƙasa ce mai kwari a gefen tafkin Nokoué, tsakar gida ta zama kududdufi, yara suka koma ɗaki, sauro ya yi yawa. Cikin Yuni 'yar shekara huɗun ta kwana da zazzaɓi. A wata shekarar da gari ya waye mun kai ta asibiti. Amma a lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa duk wanda ya je da zafin jiki za a ce korona ce a killace shi, a kuma zo a kwashe mutanen gidansu. Mu da muke karanta jarida, muke kuma gaya wa wasu kada su saurari jita-jita, muka ce a ba ta magani a gida a gani. Kwana biyu muna gani. A dare na uku jikinta ya fara karkarwa, idanu suka juye, muka saɓa ta a kafaɗa cikin ruwan sama muka nemi zem, ba wanda ya tuna da dokar mutum ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro ne, ya riga ya ci jininta. Ma'aikaciyar da ta karɓe ta ba ta yi mana faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi, tun yaushe, da muka faɗa ta dube mu ta ci gaba da aikinta. Kwana huɗu aka yi ana yi mata ƙarin ruwa. Allah ya tashi kafaɗunta. Ba a rubuta irin wannan cikin lissafin korona, kuma mun san ba gidanmu kaɗai ba ne aka yi wannan jinkiri.

Ranar 10 ga Agusta ƙananan suka koma, aka ba su zuwa 4 ga Satumba, watau mako huɗu don a cike gurbin wata huɗu, sa'an nan aka buɗe sabuwar shekara ranar 28 ga Satumba. Duk malamin da ya riƙe CE1 a shekarar nan zai ba da labari. Littafin ajin yana ɗauka cewa yaro ya iya karanta gajeren labari, alhali kashi mai yawa na ajin suna bin harafi da yatsa. Ɗanmu ya wuce CE1 da sunan ya wuce. A ƙarshen shekara mu da kanmu muka roƙi direkta a bar shi ya maimaita. Uwargida ta yi kwana uku ba ta yi mana magana mai daɗi ba, tana cewa ɗan malami ya maimaita aji, me za a ce a unguwa? Muka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya maimaita, karatun ya zauna, ya ci CEP a 2025, shekara guda bayan sa'o'insa. Babbar ta ci tata tun cikin Yulin 2020, da kashne a fuska.

Wadda ba mu iya yi wa komai ba ita ce 'yar maƙwabciyarmu, matar da ke sayar da shinkafa da wake a bakin lakwal. Mijinta ya rasu tun kafin korona. Da aka rufe lakwal sai ta koma dafawa a gida, 'yarta mai shekara tara, wadda take CE2, ta riƙa ɗaukar tire tana zagayawa garejin masu gyaran babur da wurin masu walda. Yarinyar tana cikin waɗanda suka fi kowa kai a lissafi, a inuwar katangar nan ita ce kan riƙe kwabbai, in mun yi kuskure da gangan ta kama mu. Ran 10 ga Agusta ba mu gan ta da kaki ba. Da yamma muka yi sallama a ƙofarsu, muka ce, "Maman yara, lakwal fa ta buɗe." Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Malam, na sani. Abin da yarinyar nan ke shigowa da shi a rana shi ne kuɗin hayar ɗakin nan in an tara. Ka bar ni in farfaɗo, in Allah ya so sabuwar shekara za ta koma." Muka ce za mu ɗauki kuɗin kaye da na kaki. Ta yi godiya ƙwarai, ta ce ba kaye ne matsalar ba.

Ta koma ɗin a ƙarshen Satumba, ta yi wata uku tana zuwa yau gobe babu, bayan hutun Disamba ba a sake ganinta a aji ba. Mun koma wurin uwar sau biyu, a na uku muka tarar sun tashi daga gidan. Yanzu budurwa ce, tana da teburinta na kanta kusa da gadar Godomey, inda masu jiran mota ke tsayawa. Watan jiya muka tsaya muka sayi na sefa 350, muka miƙa mata jika biyu. Kafin mu gama lalubar aljihu ko akwai ƙananan kuɗi ta riga ta ƙirgo canji ta ɗora mana a tafin hannu, ta ƙara mana ƙwai guda a kan shinkafar, ta ce, "Mushe, a gai da Mama da su auta."